Yadda Ake Ajiye Littafin Mafarki

Mafarki ba ya jiran kowa. Mutum zai farka da kiran assalatu yana riƙe da labari cikakke, da fuskoki da wurare da maganganun da aka yi, amma kafin ya laluba takalmi ya ɗauki buta rabi ya zube. Kafin a sallame salla, abin da ya rage bai wuce "na dai san akwai ruwa a ciki" ba. Wannan ba raunin ƙwaƙwalwa ba ne, haka barci yake ga kowa. Shi ya sa aikin littafin mafarki ya rataya a kan abu biyu: minti biyu ko uku na farko bayan farkawa, da kuma raba abin da ka gani da abin da kake zaton yana nufi. Wanda ya cakuɗa waɗannan biyun, bayan wata shida ba zai iya bambance mafarkinsa da tunaninsa ba, littafin kuma ya tashi daga aiki.

Rubuta abin da aka gani a barci ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usman ɗan Fodiyo ya rubuta ganin da ya yi wa Shaihu Abdulƙadir Jilani wajen shekarar 1794, kuma bai bar shi haka kawai ba, ya faɗi shekarunsa a lokacin har da watannin da suka ɗoru a kai. Wannan kula da lokaci ita ce abu na farko da mai littafin mafarki zai koya.

Lokacin da mafarki ya fi zuwa

Barcin dare zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma mai cikakken barci yakan yi huɗu zuwa shida. A ƙarshen kowane zagaye akwai wani mataki da ido ke ta motsi a ƙarƙashin fatarsa, ƙwaƙwalwa tana aiki kamar ta mai farke, gaɓoɓi kuwa a sake. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka bayyana shi a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1953, ana kuma taƙaita sunansa da REM. Mafarkai masu tsawo da launi da ban mamaki galibi daga nan suke fitowa. A farkon dare wannan mataki gajere ne, wajen minti goma, amma yana ƙara tsawo har ya kai rabin awa ko fiye gab da asuba.

Ga mazaunin Zariya wannan sa'a ce. Alfijir yana ketowa tsakanin biyar saura da biyar da rabi gwargwadon lokacin shekara, wato ladan yana tashin mutum daidai lokacin da mafarki ya fi kauri. Barcin da ake komawa bayan salla shi ma cike yake da shi, haka nan na bayan sahur a watan azumi. Wanda kuwa yake kwanciya ƙarfe ɗaya ya tashi biyar bai koma ba, ya yanke ɓangaren da ya fi mafarki, kada ya yi mamaki idan shafukansa suka zauna babu komai.

Kayan aiki

Littafi mai bango mai tauri, irin wanda ɗaliban jami'a ke saye a Samaru ko Kongo ko kasuwar Sabon Gari, ya fi na 'yan firamare, domin za ka yi rubutu a kwance babu tebur, bangon ne zai tallafe hannunka. Mai ganye 80 zuwa 100 zai kai ka wata biyu ko uku. Ka sa wa shafukan lamba tun ranar farko, ka bar ganye huɗu na ƙarshe babu rubutu, za su yi amfani wajen bita.

Fensir ya fi biro a kan shimfiɗa. Biro yana ɗauke rubutu idan bakinsa ya kalli sama, kuma da sanyin hunturu tawadarsa takan yi nauyi, sai ka ɓata lokacin da ba ka da shi wajen goga shi a tafin hannu. Ka fiƙe fensir biyu, ka ɗaure ɗaya a jikin littafin da zare. Sai ƙaramar tocila marar ƙarfin haske, ko ka rufe bakinta da ƙyalle. Kada ka kunna ƙwan ɗaki: haske mai ƙarfi yana wartsake mutum gaba ɗaya, ya kuma tashi wanda kuke ɗaki ɗaya. Duk waɗannan su kwana cikin gidan sauro tare da kai, inda hannu zai kai ba tare da ka tashi zaune ba. Littafin da ke kan durowa can gefe, daidai yake da babu.

Ana iya amfani da waya a ɗauki murya, musamman ga wanda rubutu ke yi wa nauyi. Sharaɗi shi ne a kashe data kafin a kwanta, a kuma sa alamar ɗaukar murya a fuskar farko. Saƙon WhatsApp guda ɗaya da ido ya faɗa a kai ya isa ya share mafarkin dare. Muryar kada ta wuce minti ɗaya da rabi, kuma a mayar da ita takarda a ranar, don muryoyin da suka taru ba wanda yake komawa ya saurare su, waya kuma tana lalacewa ko ta ɓata. Boko ko ajami, ka yi da wanda hannunka ya fi sauri.

Kafin ka kwanta

Buɗe shafi biyu masu fuskantar juna. Na hagu na abin da za ka kama cikin duhu ne, na dama na cikakken labari. A saman na hagu rubuta kwanan wata tun da dare, kuma ka rubuta shi ta yadda ba zai rikita ka ba. A lissafinmu dare yana gaban yini, daren Juma'a shi ne wanda ya biyo bayan yinin Alhamis, kalandar boko kuwa tana sauya rana da sha biyun dare. Mafita ita ce ka ambaci duka biyun: "daren Alhamis wayewar Juma'a", sannan kwanan watan Musulunci da na boko.

Ƙarƙashinsa layi uku kacal game da yinin: inda ka je, wanda kuka yi wata muhimmiyar magana da shi, abin da ya tsaya maka a rai. Sai layi ɗaya na jiki: abin da ka ci da dare da lokacinsa, shayi ko goro, magani, zazzaɓi, da lokacin kwanciya. Dole a rubuta waɗannan kafin barci. Idan ka bari sai da safe, mafarkin ne zai zaɓar maka abin da za ka tuna daga jiya, ka ga kamar komai ya dace da komai.

Bayan addu'o'in kwanciya, ƙudura a ranka cewa in ka farka za ka tsaya ka tuna kafin ka motsa. Abin kamar wasa, amma niyyar tana aiki, kuma yawancin masu farawa sukan ga tunawarsu ta ƙaru cikin mako ɗaya ko biyu.

Minti uku na farko

Da ka farka, yi addu'ar tashi daga barci a yadda kake, kada ka juya, kada ka miƙe. In da hali bar idonka a rufe. Tambayi kanka abu ɗaya: ina nake yanzun nan? Abin da zai fara zuwa yawanci ƙarshen mafarkin ne. Riƙe shi, ka bi shi da baya: kafin nan me ya faru, wa ke tare da ni, ta ina muka shigo? Idan babu hoto ko ɗaya sai wani yanayi a zuciya, tsoro ko daɗi ko kunya, tsaya a kansa daƙiƙa talatin, sau da yawa shi yake janyo sauran. In har yanzu shiru, koma a hankali gefen da ka saba kwanciya, ka kawo fuskokin mutanen gida da abokan aiki ɗaya bayan ɗaya.

Sai ka ɗauki fensir ka rubuta kalmomi uku zuwa bakwai a shafin hagu, ba jimla ba: "Ƙofar Doka, ruwa har gwiwa, Baba da farar riga, jaka ta ɓata, ba tsoro." Rubuta da manyan baƙaƙe, ka bar tazarar yatsa biyu tsakanin layuka, domin rubutun duhu yana hawa kan juna. Idan an faɗi wata magana a mafarkin, ko ka ga lamba ko suna, su za ka fara rubutawa kalma da kalma, don su suka fi saurin gudu. Wannan duka bai kai minti ɗaya ba, ba zai sa ka rasa jam'i ba. Uwar da yaro ya tasa da kuka, ko ɗalibin da ke ɗakin mutum shida a hostel, in rubutu bai samu ba, su maimaita kalmomin sau uku a zuci, su ba mafarkin suna, su rubuta da zarar hannu ya samu sarari.

Cikakken labari

Bayan salla da azkar, kafin karin kumallo da rediyo da hirar gida, zauna minti goma zuwa sha biyar ka cika shafin dama. Ba mafarkin suna gajere a sama, kamar "Ambaliya a Ƙofar Doka". Rubuta shi kamar yanzu yake faruwa: "ina tafiya", "sai ga Baba", domin wannan yana mayar da kai ciki, ƙananan abubuwa su dawo. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Ina tsaye a Ƙofar Doka amma ganuwar ta fi ta gaske tsawo. Ruwa ya kai gwiwa, mai ɗumi. Baba yana gaba da farar riga, bai jiƙe ba. [Giɓi.] Sai ga ni a ajin firamare, amma na san gidanmu ne. Ina neman jaka. Wata mata, fuskar ba tata ba ce amma na san Inna ce, ta ce in bari sai gobe. Ban ji tsoro ba, gajiya na ji."

Lura da abubuwa uku a nan. Inda aka manta, an rubuta giɓi, ba a ɗinke shi ba. Inda mafarki ya saɓa wa hankali, wuri ɗaya ya zama biyu, mutum ya zo da fuskar wani, an bar shi haka. An kuma faɗi abin da zuciya ta ji a cikin mafarkin, wanda sau da yawa ya bambanta da abin da mutum ya ji bayan ya farka. Babban abin da ke ɓata littafin mafarki shi ne gyara. Hankalin farke ba ya son labari marar kai da gindi, sai ya soma saka "saboda" da "don haka" inda babu su. Guji waɗannan kalmomi, ka riƙa amfani da "sai". Abin da ba ka tabbatar ba sa masa alamar tambaya. Lamarin ma ya wuce tsabtar aiki: hadisi ya zo a Bukhari da gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ce ya ga mafarkin da bai gani ba, cewa za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama kuma ba zai iya ba. Ƙarin gishiri a takarda yakan zama ƙarin gishiri a baki ranar da aka zo ba da labari.

Idan ka gama, ja layi. Ƙarƙashin layin ne kawai za ka rubuta zatonka: abin da ya yi kama da jiya, abin da ya tuna maka. Ka ƙara lokacin farkawa, da maki daga 1 zuwa 5 na yadda mafarkin ya fito sarai. Ranar da ba ka tuna komai ba, rubuta "babu" tare da awannin barcinka. Kada ka tsallake, ranakun babu su ma bayani ne.

Mummunan mafarki

Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, baƙantawa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake zantawa da ransa. Game da wanda aka ƙi, koyarwar a fili take: tofi mai sauƙi ta hagu sau uku, neman tsari daga Shaiɗan da sharrin abin da aka gani, juya kwanciya, tashi a yi salla in an so, kuma kada a ba kowa labari. A Muslim, mutumin da ya zo ya ce ya ga an sare kansa, Annabi (SAW) ya hana shi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi.

To mai littafi fa? Hanya mafi natsuwa ita ce kada ka zauna kana tsara mummunan mafarki filla-filla. Sa alama kawai, misali ɗigo baƙi, da lokaci, da kalma ɗaya ta nau'insa: kora, faɗuwa, shaƙewa. Wannan ya isa ya nuna maka sau nawa yake zuwa da kuma abin da yake biyo baya, ba tare da ka raya shi a ranka ba. Haka mafarkin da ke wajabta wanka, alama ta wadatar, hukuncinsa ma yana kan ganin jiƙa ne, ba kan abin da aka gani a barci ba.

Dannau yana da nasa bayanin. Mutum ya farka, yana ji yana gani, amma ya kasa motsi ko magana, ƙirji ya yi nauyi, wani lokaci har ya ga kamar akwai wani a ɗakin. Abin da ke faruwa shi ne hankali ya riga jiki farkawa, sakin gaɓoɓin nan na barcin REM bai gama janyewa ba. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa minti biyu, kuma ya fi samun mai kwanciya rigingine, da mai ƙarancin barci, da wanda lokacin barcinsa ke yawan sauyawa, irin ɗalibai a makon jarrabawa. Yi addu'a a zuci, ka mai da hankali ga motsa ɗan yatsa ɗaya. A littafi rubuta yadda ka kwanta da awannin barcin kwana biyun da suka wuce.

Abin da layin jiki yake tonawa

Yawancin mafarkan da suka fi ban mamaki suna da dalili a wancan layi ɗaya da ka rubuta da dare. Zazzaɓi, musamman na cizon sauro, yana kawo mafarkai masu maimaita kansu da abubuwa masu girma da ƙanƙancewa. Wasu magunguna an san su da wannan: mefloquine na zazzaɓin cizon sauro, efavirenz na masu ɗauke da ƙwayar HIV musamman a makonnin farko, propranolol na hawan jini da bugun zuciya, da magungunan ciwon damuwa, lokacin fara su da lokacin barinsu. Idan littafinka ya nuna mafarkan sun soma ne daga ranar da aka ba ka wani magani, kai wa likita littafin, kada ka daina sha da kanka.

Wanda ya yi kwanaki bai samu isasshen barci ba, daren da ya samu jiki yakan rama barcin REM da ya rasa, mafarkai su zo da yawa da ƙarfi. Haka yake faruwa ga wanda ya bar wiwi ko wasu ƙwayoyi, makonnin farko sukan zo da mafarkai masu nauyi kafin su lafa. Mai juna biyu ma takan ga ƙari, musamman a watannin ƙarshe da take yawan farkawa. Goro da shayi mai kauri bayan magariba suna sa barci ya yi ta yankewa, don kusan rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan awa biyar. Zafin Maris zuwa Mayu, daren da babu wuta babu fanka, shi ma haka. Yawan farkawa yana nufin yawan tuna mafarki, ba lallai yawan mafarkin ba.

Akwai masu sa ƙararrawa bayan awa huɗu da rabi ko shida da kwanciya don su faɗo cikin mafarki. Yana aiki, amma kada ya wuce sau ɗaya a mako, kuma direba da ɗan acaba da mai fama da rashin barci su bar shi gaba ɗaya.

Bita

Kada ka yi wa mafarki ɗaya hukunci. Ware rabin awa a ƙarshen mako ka karanta na kwana bakwai a jere, da jan biro a hannu: ja layi ƙarƙashin mutane, zagaye wurare, sa alama a kan abin da zuciya ta ji. Duba layukan yini na makon gaba ɗaya, ba na jiya kaɗai ba, domin abin da ya faru yakan fito a daren farko, wani lokaci kuma sai bayan kwana biyar zuwa bakwai.

A ƙarshen wata koma ganyayen nan huɗu na baya. Shafi ɗaya na mutane, ɗaya na wurare, ɗaya na abubuwan da ke maimaituwa, kamar makara, jarrabawa, ruwa, tafiyar da ba a isa ba, kowanne da lambobin shafukan da ya fito. Irin wannan ƙidaya ce Calvin Hall da Robert Van de Castle suka tsara a 1966, kuma cikin abin da suka samu akwai cewa tsoro da fushi da baƙin ciki sun fi farin ciki yawa nesa ba kusa ba a mafarkan mutane masu lafiya. Don haka idan naka ya fito haka, ba alamar wani abu ya same ka ba ce. Sai mafarkai sun doshi ɗari kafin ka amince cewa wani abu ɗabi'ar barcinka ce. A nan ne kuma za ka ga gaskiyar mafarkan da ake cewa sun tabbata: kwanan wata yana nan, kalmomin da ka rubuta kafin abin ya faru suna nan, sai ka gwada su da abin da ya auku, ka kuma ƙirga waɗanda ba su auku ba.

Wanda ya yi kyau ya tsaya maka a rai, gode wa Allah, ka faɗa wa masoyi ko malami mai ilimi da tsoron Allah. Annabi Yaƙub ya hana Annabi Yusuf faɗa wa 'yan'uwansa nasa, kamar yadda ya zo a aya ta 5 ta Suratu Yusuf. Ƙananan littattafan fassara da ake sayarwa a bakin masallatai da sunan Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a 110 bayan hijira, manazarta da yawa ba su yarda shi ya rubuta su ba, kuma fassara tana bin halin mai mafarkin ne, ba jerin kalmomi ba. Mafarki ba ya kafa hukuncin shari'a, istihara ma ba sharaɗinta ba ne a ga wani abu a barci.

Sirri da ajiya

Mafarki yana ɗauko mutanen gaske ya sa su aikin da ba su yi ba. Kishiya, suruka, maƙwabci, abokin kasuwa, duk za su fito, wani lokaci da wuƙa a hannu. Ganin mutum yana bin ka a barci ba hujja ba ce ta maita ko sihiri, kuma zumunci da aure da yawa sun lalace a kan irin wannan zargi. Rubuta mutane da harafi ɗaya ko laƙabin da kai kaɗai ka sani, ka ajiye littafin inda yara da baƙi ba sa kaiwa. Wanda ya cika, rubuta ranar farawa da ta gamawa a bangonsa, sa shi a leda saboda laimar Agusta, ka ɗaga shi daga ƙasa da jikin bango saboda gara.

Akwai lokacin da littafi zai koma takardar zuwa asibiti. Idan mummunan mafarki yana zuwa sau ɗaya ko fiye a mako har tsawon wata, yana sa ka tsoron kwanciya, ko yana maimaita wani abu da ya taɓa faruwa da kai kamar haɗarin mota ko hari, ka ga likita. Haka idan abokin kwana ya ce kana duka ko shuri ko faɗowa daga gado cikin barci, musamman ga namiji da ya haura 50, ko kana minshari mai ƙarfi kana farkawa kamar an shaƙe ka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi wajen maganin mummunan mafarki ita ce a sa mutum ya sauya labarin mafarkin yadda yake so, ya rubuta sabon, ya riƙa bitarsa a ransa minti 10 zuwa 20 kullum da rana. Ranar zuwa, tafi da lissafin dararen da abin ya faru, da lokutan, da sunayen duk magungunan da kake sha.